Hannu Takwas da Jinkar Gizo

Mun ci tuwo, an yi addu'a, Kaka Briskila ta miƙe ƙafa a kan tabarma. Ni ina gasa masara a garwashi, na juya wa ƙanwata Ketura baya don kar ta sa mini ido.

Kaka ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

Muka ce, "Ta zo mu ji ta." Ni na ƙara da cewa amma ta zo da sauri. Kaka ta yi kamar ba ta ji ba, ta fara.

Wata shekara Gizo ya kira gayya a gonarsa. Yayarsa Kurciya ta zo, ƙanensa Bushiya ya zo, Kawu Kunkuru ma ya zo, ko da yake sai da rana ta take ya iso. A zamanin nan duk dangi ne, ba ruwan kowa da mai fiffike ko mai ƙaya. Suka nome gona tas. Allah ya ba da ruwa, gero ya yi kyau. Gizo ya gina sabon rumbu ƙato, shi da matarsa Ƙoƙi suka shaƙe shi da dammuna ba wanda ya gani. Saura jinka kawai. An ɗaure ta, an baibaye ta da ciyawa, tana ajiye a ƙasa.

To kun san ranar ɗora jinka dangi ake kira. Kuma duk wanda ya hau ɗora jinka, dole ya ga abin da ke cikin rumbu. Abin da Gizo ba ya so ke nan.

Kurciya ta zo, ta ce 'ya'yanta sun ƙyanƙyashe, ya taimaka mata da zangarniya ko biyu. Gizo tun da rumbu ya cika ya daina cewa Yaya. Ya ce da tsamin bakinsa, "Ke Kuyciya, fayi shun cinye geyon." Ta yi masa jaje, ta tafi.

Bushiya ya zo, ya ce matarsa ta haihu, ana neman na kunu. Gizo ya ce tsuntsaye sun gama da gonar, ya je ya tambayi Kurciya, ai danginta ne. Bushiya ya tafi da abin a ransa. Ran Lahadi a majami'a shi da Kurciya suka zauna benci ɗaya, ko gaisawa ba su yi ba.

Sai Kawu Kunkuru ya zo. Shi bai roƙi komai ba. Ya ce damina ba ta yi sallama ba tukuna, a tara dangi ran Asabar a ɗora jinkar nan, ko da rumbun ba komai a ciki, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gizo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai Kunkuyu, wannan maganay mashu hannu biyu ce. Ni takwash gaye ni."

Kawu ya ji an kira sunansa tsirara, ya ja wuya cikin ƙoƙo, ya juya. Ƙoƙi ta ce wa mijinta bai kyauta ba. Ya ce ta tafi ta ga tukunyarta.

Ran Asabar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Gizo ya tuna gero a buɗe yake, in ya sha ruwa tsiro zai yi a rumbu, shekara ta tafi. Ya ruga. Ya kama jinka da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Ya kama da huɗu, ta ɗaga kaɗan ta koma. Sai ya shige ƙarƙashinta, ya ce yau za a ga aiki, ya ɗaga ta da takwas ɗin duka.

Nan Kaka ta tsaya, ta tambaye mu da me zai tsaya ke nan. Ketura ta ce ba ƙafa. Kaka ta ce ai kuwa.

Rif, jinka ta kife shi kamar kaza a kwando. Ga yayyafi ya fara. Ƙoƙi ta ja, ta ja, hannunta sirara, ta ce sai dai ya kira dangi. Ya ƙwala, "Kuyciya! Bushiya!" Ba wanda ya zo. Ƙoƙi ta ce haka ake kiran na gaba? Gizo ya ce, "Yaya, ki zo! Ƙanena, ka zo!"

Kurciya ta sauko fir, Bushiya ya gangaro. Ba wanda ya dubi wani. Su uku da Ƙoƙi suka kama, jinka ta ƙi, ana neman hannu ɗaya. Gizo daga ciki ya fara kuka, ya ce gidan Kawu can hayin rafi yake, kafin ya iso sai jibi.

Sai aka ji "Salama dai" a ƙofar gida. Kawu Kunkuru ne, duk taɓo a jikinsa. Ya ce tun da sassafe ya ga gabas ta ɓata rai, ya taso.

Gizo ya ce, "Kawu, ai ban kiya ka ba."

Kawu ya ce, "Ba kiranka nake jira ba. Ɗan ƙanwata ne kai."

Suka ɗaga, Gizo ya fito. Su biyar suka cicciɓi jinka har bakin rumbu. Kurciya da ke sama ta leƙa, ta ce ashe farin bana masu kirki ne, har ɗaure dami suka yi. Bushiya ya leƙa shi ma, ya sunkuyar da kai, ya ce Yaya ta gafarta masa, ya zarge ta a banza. Kawu ya ce a rufe hatsi tukuna, magana ba ta jiƙewa. Suna ɗorawa ruwa ya kece.

Da gari ya waye Gizo ya durƙusa ya nemi gafara, suka ce sun yafe, su ma ana yafe musu. Ya shiga rumbu zai yi rabo, ya fara miƙo na saman, waɗanda yayyafi ya taɓa. Ƙoƙi ta yi gyaran murya. Ya mayar, ya tono busassu na ƙasa. Aka sha kunun mai jego a gidan Bushiya, Kurciya ce ma ta dama. Shi ya sa har yau in kun ɗaga kai za ku ga Gizo a cikin jinka, ya riƙe ta da hannu takwas, kunya ta hana shi saukowa.

Kaka ta ce girman kai ke sa mutum ya ga ya wuce danginsa, son kai kuma ya sa shi ƙarya har ya haɗa su faɗa. Ta ce Ubangiji Yesu da ya fi kowa durƙusawa ya yi ya wanke ƙafafun mutanensa, kuma kamar Kawu, tun ba mu kira ba ya taso.

Tana faɗa tana kallon masarata. Na karya, na miƙa wa Ketura wajen tsinin. Kaka ta yi gyaran murya. Na karɓe, na ba ta babban.

Kaka ta ce, "Yauwa. Ƙungurus kan kusu, wanda ya ji ya riƙe."