Kifin da Nusrat Ya Fasa Yankawa

Akwai wani tsohon masunci a Kiyashahar, inda kogin Safidrud yake shiga teku, sunansa Nusrat. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya gajiya da cika baki.

Shekarar da aka hana kama wani kifi da ake kira tasmahi a teku saboda ya kusa ƙarewa, gidan ƙyanƙyasar kifi ya raba wa masunta 'ya'yansa su kiwata. Na Nusrat duk suka mutu sai ɗaya. Ya zuba shi a kududdufin bayan gonar shinkafarsa, ya sa masa suna Amarya, domin ya riga ya yanke wa kansa cewa mace ce.

To, tasmahi ba kifin gaggawa ba ne. Masana sun ce irinsa yana cikin ruwa tun kafin duwatsun da ke bayan garin su taso, kuma har yau bai ga dalilin sauya kama ba: dogon hanci, gashin baki huɗu, sulke a gadon baya, guringuntsi a maimakon ƙaya. Macen takan haura shekara goma kafin ta yi baƙin ƙwanta da ake sayarwa da tsadar gaske. Ga shi da ido ba ka bambanta mace da namiji.

Nusrat bai damu da wannan ba. Kullum a shagon shayi zancen ke nan: in Amarya ta yi ƙwai zai sauya rufin gida, zai kai matarsa Kubra ziyara birni mai tsarki na Mashhad a jirgin sama. Har an haddace.

Da kifin ya shekara goma ya kai tsawon mutum, sai ya kira Dakta Mahnaz, likitar gidan ƙyanƙyasa, ta zo da na'urar hoton ciki. Bai tsaya nan ba, ya gayyato duk 'yan shagon shayi su zo su shaida. Kubra ta dafa shayi, aka shimfiɗa darduma a bakin ruwa.

Maza huɗu suka riƙe kifin. Likita ta goga na'ura a cikinsa, ta sake gogawa, sannan ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Baba Nusrat, sai haƙuri. Amaryarka ango ce."

Wurin ya kaure da dariya. Safar, ƙanin Kubra, wanda dama ba ya raga wa mijin yayarsa, har da kwanciya a kan darduma.

"Yaya, shekara goma kana yi wa ƙato lalle! Ai sai ka tambaye shi ko yana da ƙanwa."

Kunya ta ishi Nusrat. Da mutane suka watse ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa, ya ce yau za a ci gasasshen kifi a unguwar nan, kowa ya huta. Kubra ta tare ƙofa.

"Malam, shi ya ce maka mace ne? Kai ka faɗa, kai ka yarda, kai ka tara jama'a. Kifin da yake jin takunka ya taso, shi za ka yanka don Safar ya yi dariya?"

Ya ture ta gefe a hankali ya nufi kududdufi. Yana isa, kifin ya taso kamar kullum, ya goga hancinsa a hannun da ke riƙe da wuƙar, yana neman abinci. Nusrat ya daɗe a tsugune. Tausayi ya kama shi, ya ji ba zai iya ba. Ya mayar da wuƙa, ya ɗebo abinci ya watsa.

Duk lokacin sanyin nan ya sha tsiya. In ya shiga shagon shayi sai a tambaye shi lafiyar ango, shi kuma ya koyi amsawa da cewa yana gaishe su. Cika bakin dai ya ragu sosai, abin da ya fi yi wa Kubra daɗi ke nan.

Da bazara ta shigo, wata safiya sai ga motar gidan ƙyanƙyasa da tankin ruwa a baya. Dakta Mahnaz ta sauko da sauri. Ta ce an samu wata babbar macen tasmahi a bakin kogi, cikinta fal ƙwai, irin wadda aka yi shekaru ba a gani ba. Amma sun duba ko'ina babu balagaggen namiji irinta, kuma ƙwan ba zai jira ba. Ta roƙi aron kifinsa.

Nusrat ya gyara hula, ya sa aka kira Safar musamman, ya ce ya zo ya kama jelar ango.

Bayan wata biyu aka tara mutanen gari a bakin Safidrud. An kawo 'ya'yan kifi dubbai da za a saki a kogi, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, amma da hancinsa da ɗan sulkensa, sak ubansu. 'Yan shagon shayi su ne masu ɗaukar bokiti. Likita ta miƙa wa Nusrat na farko.

Ya shiga ruwa har gwiwa ya karkata bokitin, yana dariya hawaye na zuba. Ya san da wuya ya ga ranar da za su girma su dawo kogin, amma farin cikinsa bai ragu ba.

Safar ya matso ya ce, "Yaya, ka fa zama kaka."

"Na zama. Kai da ka yi wa uban dariya, sai ka gaishe da 'ya'yan da kyau."

Da yamma aka mayar masa da kifinsa kududdufi, lafiya lau.

Darasi: Kada ka wulaƙanta abin da ke hannunka don bai zama abin da ka yi buri ba, kuma kada dariyar mutane ta sa ka yanke hukunci cikin fushi. Allah bai yi halitta a banza ba. Ku tura wa wanda kuka san ya kusa yin watsi da wahalarsa ta shekaru.