Kocinmu Yana Bencinku

An yi wani shugaban gasar ƙwallon unguwanni, Alhaji Barau, wanda kuma shi ne mai ƙungiyar Zakarun Tasha. Da aka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, sai ya kafa doka biyu: ba mai ɗaukar sabon koci, ba kuma ƙungiyar da za ta buga wasa in kocinta ba ya fili. Bayan kwana biyu, ya lallaɓa ya janye Mamuda, kocin 'Yan Bakin Kasuwa, waɗanda zai kara da su.

Ranar wasa Alhaji ya dubi kyaftin ɗin 'Yan Bakin Kasuwa, Tanimu mai faci, ya ce, "Ina kocinku? In babu, kun fita."

Tanimu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan na zaune a bencinku ba Mamuda ba ne? Ashe kun yi sabon koci."

Alhaji ya ce, "Haba! Ni zan karya dokar da na kafa? Baƙona ne, kallo ya zo."

"Wato ba ku ɗauke shi ba?"

"Ko kusa."

"To alhamdu lillahi, mu ma ba mu sallame shi ba. Ga kocinmu nan a fili, sai a busa usur."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce, "To, ya tashi ya koma bencinku mana."

Tanimu ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, ai ba a korar baƙo. Ku bar shi kusa da ku, inda zai fi jin dabarunku. In an je hutun rabin lokaci sai ya kawo mana rahoto."