Sule Mai Hatimin Kakan Weng

Weng Chin-fa ya san azurfa kamar yunwar cikinsa. In ka miƙa masa sule, zai ɗora shi a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya gaya maka ko na gaske ne ko jabu. A layinmu na masu sayar da tsofaffin kuɗi a garin Chiayi ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Amma yana da hali ɗaya mara kyau. Ba ya faɗin abin da yake so. A wurinsa, ka ce "ina son kaza" daidai yake da roƙo, shi kuwa gara ya sha miya lami da ya nemi gishiri a maƙwabta.

Shagona ne na uku daga nasa. Na mijina Tu ne, wanda Weng ke kira ƙanensa duk da ba dangi ba ne, da ya mutu na riƙe shi, kuma ba wanda zai ce ya taɓa cin ƙwandala a kaina. Mu bakwai ne ke zaman shayi a bayan shagon Yen duk ranar Laraba. Muna da wata al'ada tun zamanin mijina. Gidan gwanjon da muke saye a Taipei ta intanet yake yi, kuma a da yana nuna sunan duk wanda ya taya. In ka ga sunan ɗan teburinmu ya riga ka a kan wani sule, sai ka janye hannunka. Shi ya sa Weng bai taɓa buɗe baki ba. Sunansa ne ke yi masa magana.

Sai gidan gwanjon ya sauya tsarin shafinsa. Yen ne ya je taron da suka kira, ya dawo da takarda a hannu.

"To, jama'a, abu uku ne," in ji shi. "Na farko, an ɓoye sunaye. Lamba kawai za ka gani, ita ma tana canzawa kowane gwanjo. Na biyu, duk wanda ya taya dab da rufewa, sai a ƙara minti uku. Saboda haka ga shawarata. Ranar Laraba mu buɗe littafin hotunan kayan gwanjon a nan, kowa ya kifa kofinsa a kan sulen da yake so. Sauran sun sani, sun bar masa."

Weng ya yi tsaki. "Ni in kifa kofi? A gaban wannan matar? Kafin shayi ya huce ta sayar da labarin."

"Yaya Weng," na ce, "wa zai sayi labarinka? Ko kyauta na bayar sai na haɗa da gyara."

Aka yi dariya, ban da shi.

"Shekara ashirin," ya ce, "duk tayin da na rubuta da takwas biyu yake ƙarewa. Ku ɓoye suna, hannuna ba ya ɓuya. Wanda bai san hannuna ba ya koma sayar da tafarnuwa."

"Ai abu na ukun ke nan, Yaya," in ji Yen. "Tsaya ka ji..."

"Bar ni, Yen. Ina gwanjo tun kana share majina da hannun riga."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Abu na ukun da bai tsaya ji ba shi ne, an daina rubuta kuɗi da hannu. Na'ura ce ke yanka abin da za a ƙara, kai dai ka danna. Babu takwas, babu tara. Ba wanda ya bi shi ya gaya masa. Ni ma ban bi shi ba, don na ce wanda ya fi ƙarfin a gaya masa, ya je duniya ta gaya masa.

Bayan mako biyu wani mai saye da nake yi wa dillanci, Mista Kwek na Singafo, ya kira ni. Yana son kaso mai lamba ɗari biyu da sha biyu a jerin kayan gwanjon. Tsohon sulen azurfa ne, fuskarsa duk ta lotse da hatimai, irin wanda 'yan kasuwar da can kowa ke buga wa tambarinsa in ya gwada ya ga azurfar gaske ce. Kwek ya ce kada in bari ya kuɓuce, ko nawa ya kai. Ranar Laraba na kifa kofina a kan hoton, kowa ya gani. Kujerar Weng ba kowa. Yana fushi, bai zo ba.

Ranar Asabar bayan abincin rana aka zo kan kason. Mutane suka taya, suka taya, suka zube ɗaya bayan ɗaya. Saura ni da lamba ɗari huɗu da sha bakwai. In na danna, ya danna. Agogo ya kusa ƙarewa, a ƙara minti uku. Muka ninka abin da sulen ya kamata ya yi, muka sake ninkawa. Na zagi mai lambar nan, na zagi wanda ya haife shi. Kusan minti arba'in muna haka. Daga nan ya yi shiru, agogo ya cinye, sule ya zama na Kwek.

Na fito layi ina fifita da littafin hotuna. Ga Weng tsaye a ƙofar shagonsa.

"Yaya Weng, zo ka sha labari!" na ce. "Yau na kwantar da wani mai taurin kai. Ɗari huɗu da sha bakwai. Sai da na matse shi har ya tsiyaye."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Hannunki da ƙarfi, matar ƙanena." Ya shiga ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe, da rana tsaka, ranar ciniki.

Washegari Yen ya shigo shagona, ko gaisuwa babu.

"Matar Yaya Tu, kin san wa kika kayar jiya?"

Na ajiye abin da ke hannuna, don na riga na gane.

Ashe cikin hatiman nan akwai na shagon shinkafar kakan Weng. Shagon ya ƙone lokacin yaƙi, ba abin da ya rage mai ɗauke da sunan gidansu. Ubansa ne ya zana masa hatimin a takarda kafin ya mutu. Shekara talatin da ɗaya Weng yana duba kowane sule mai hatimi da ya ratsa ta hannunsa, bai gaya wa kowa abin da yake nema ba. Wannan ne na farko da ya gani. So yake ranar share kaburbura ta shekara-shekara ya kai shi kabarin ubansa ya nuna masa, sannan ya ajiye shi a teburin kakanni kusa da turare. Da ya zauna ranar gwanjon ya ga babu wurin rubuta takwas ɗinsa, ya ɗauki waya zai tambayi Yen ko wani ya kifa kofi a kan kason. Sai ya ajiye. Ya yi ta dannawa har abin da ya mallaka ya ƙare.

Nan take na kira Kwek. Ni da ban taɓa mayar da sisi ba, na ce ya bar mini sulen, ya riƙe la'adata. Ya ce a'a. Na ce zan ɗora masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sulen daga aljihuna. Ya ce me ya faru haka? Sai na yi abin da na sha hana wasu yi a ciniki, na zayyana masa komai, kakan, gobarar, kabarin.

Ya yi dariya. "Madam Tu, yanzu kika ƙara masa daraja. Sule mai hatimi da yawa, amma wanda aka san mai hatimin? Ba na sayarwa ba ne. Ki dai turo mini cikakken sunan tsohon, in rubuta a ƙarƙashinsa."

Na kashe wayar. A sabon tsarin ma daga Taipei ake aika kaya kai tsaye ga mai shi. Sulen ko biyowa ta Chiayi bai yi ba, balle Weng ya taɓa shi.

Na je na buga ƙofarsa. Ya ɗaga ta zuwa ƙirji, bai ce in shigo ba.

"Yaya, taku ashirin ne tsakaninmu," na ce. "Me ya hana ka magana?"

"Da na yi magana, da don tausayi kin bar mini."

"To sai me? Da yanzu yana hannunka!"

Ya sauke ƙofar.

Ranar share kaburbura ya hau tudun makabarta da tsintsiya da turare, ya dawo da wuri. Kafin damina ta fita ya sayar da kayan shagon gaba ɗaya ga wani baƙo a kan kuɗin da ni ko tayi ba zan kira shi ba, ya koma wurin 'yarsa a Hualien. An ce idonsa ya yi rauni, ba ya son a ambaci azurfa a gabansa. Teburin Laraba ya koma mutum huɗu, kowa na kifa kofinsa ba tare da ya dubi ɗan'uwansa ba. Na rubuta wa Kwek sau uku. Bai amsa ko ɗaya ba.

Darasi: Sanin jiya ba ya isar mutum yau. In aka sauya hanyar da ka saba, ka zauna ka ji bayani har ƙarshe, ko daga bakin wanda ka girma. Ɓoye buƙata dabara ce a gaban abokin ciniki, amma a gaban mutanenka hasara ce, don ba za su bar maka abin da ba su san kana so ba. Kai kuma da ka ji abin da ɗan'uwanka bai ji ba, ka bi shi ka gaya masa ko zai zage ka. Zagi yana wucewa, amma akwai abin da in ya fita hannu, kuɗi ba ya dawo da shi.