Matakalar Soron Madugu Nomau

A wani zamani da ya shuɗe, tun ana auna nisan gari da kwanan jaki, an yi wani Sarki mai suna Mazawaje, wanda birninsa ya cika ya batse da fatake. Da fili ya ƙare a cikin ganuwa, sai attajirai suka shiga ɗora ɗaki kan ɗaki suna zuba 'yan haya. Ana nan, wata ranar kasuwa gobara ta tashi a ɗaya daga cikin benayen, ta ci rai goma sha ɗaya.

Sarki ya zauna shari'a. Mai gidan ya ce shi dai ya ba da ɗakuna ya koma gonarsa. 'Yan haya suka ce kowa ɗakinsa ya sani, wutar kuwa a matakala ta tashi, matakala kuma ta kowa ce. Aka kwana uku ba a sami wanda za a kama ba. Ran Sarki ya ɓaci, ya sa aka yi shela cewa a duba kowane bene kafin damina, wanda duk aka samu tarkon mutuwa ne, a kori mai shi da magininsa daga birni.

Aikin ya faɗa wuyan Cindo, Sarkin Gini, dattijo mai ji da hannunsa, wanda bangonsa bai taɓa tsagewa ba. Da zai fita, sai Waziri Ilu ya ja shi gefe ya ce, "Sarkin Gini, kada ka kawo mini labarin kaurin bango. A kowane gida ka amso mini tambaya ɗaya: in wuta ta tashi, wa ba zai fita ba?"

Cindo ya bi benaye goma sha biyu yana gyara ƙananan kurakurai, har ya iso Soron Madugu Nomau, hawa uku, ɗaki arba'in. Shi ya gina shi da ƙuruciyarsa, kuma da shi ya sami rawani. Ya shiga yana murmushi, amma murmushin bai kai hawa na biyu ba. Ƙarƙashin matakala an jibge buhunan auduga, kusa da su tulunan man gyaɗa. Ƙofar baya an toshe ta da tubali don tsoron ɓarayi. A can ƙoli ya tarar da wata tsohuwa mai kaɗi, Tabawa, wadda ƙafafunta suka daɗe da mutuwa.

"Iya, yaushe rabonki da ƙasa?"

"Shekara huɗu, ranka ya daɗe. Maƙwabta ke hawo mini da ruwa."

Washegari da hantsi ya tara mutanen gidan, ya gaya musu abin da zai yi don kada su firgita. Ya sa aka turara ɗanyen ganye cikin kasko a gindin matakala, shi kuma ya goya Tabawa daga ƙoli ya nufo ƙasa. Bai sauka taki goma ba hayaƙi ya tare shi, ya rufe masa ido. Matakalar ɗaya ce tak, kuma tagar da ya huda a samanta don iska, wadda magina ke zuwa koyo, ita ke zuƙo hayaƙin sama. Ya koma da tsohuwa ɗakinta yana tari.

Madugu Nomau ya same shi a zaure ya ce, "Cindo, auduga tawa ce, na yarda. Matakala fa, aikin wa ce? In na bar garin nan, tare za mu bar shi. Ka ce gida lafiya, ni kuwa in kwashe kayana a ɓoye."

Cindo ya ce, "In ka kwashe auduga, wa zai kwashe hayaƙi? Na goya matar nan, Madugu. Na ji yadda ta ƙanƙame wuyana."

Ranar da aka cika fada, Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwance rawaninsa da kansa ya ajiye gaban Sarki. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gida ɗaya na samu tarko ne. In wuta ta kama shi, mutum goma sha tara na hawa na uku ba mai fita, ta farkonsu Tabawa. Mai gidan Nomau ne. Magininsa kuwa ga shi durƙushe."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Maganar Sarki ba ta komawa ciki. Me ka gani?"

Waziri ya ce, "Zaki, a ba ni izini in yi tambaya. Mutum biyu sun ga maciji a rumbu. Ɗaya ya yi kururuwa, ɗaya ya rufe rumbun ya yi shiru. In aka yi wa mai kururuwa bulala, gobe wa zai yi kururuwa?"

"Babu."

"To, in aka kori Cindo yau, duk maginin da ya ga aibin aikinsa zai shafe shi da farar ƙasa. Shela ta ce a kori maginin gidan da aka samu tarko ne. Wannan ba a same shi ba, shi ya kawo kansa."

Sarki ya jinjina kai, sa'an nan ya yanke hukunci. Ya ce daga yau matakala da zaure da ƙofar baya suna wuyan wanda ke karɓar haya, ko yana gari ko ba ya nan. Kowane bene ya sami mafita biyu da randunan ruwa a kowane hawa, a sauko da tsofaffi da marasa ƙarfi ɗakunan ƙasa, a kuma sake dubawa kowace shekara. Kora ta koma kan mai ɓoyewa. Da aka tambayi Nomau ko ya nemi a ɓoye aibin gidan, ya kasa musun abin da ya faɗa wa Cindo a zaure, aka ba shi wata biyu ya gyara ko ya fita. Sarki ya umarci Waziri ya mayar wa Cindo rawaninsa da hannunsa.

Cindo ya fasa bangon gabas na soron Nomau, wanda ya fi kowane kyau, ya fitar da matakala ta biyu. Magina suka yi ta jimamin adon da aka rasa, shi ko a jikinsa.

Bayan shekara uku, wata rana da azahar, wuta ta kama soron. Cindo ya iso yana haki, ya tarar da mutanen gidan tsaye a fili, Tabawa na zaune kan tabarma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu, kowa na amsawa, har ya kai na ƙarshe. Wani ya ce, "Sarkin Gini, sannu, aikinka ya ƙone."

Cindo ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "A kawo mini ruwa in sha. Ƙasa ba ta ƙare a kududdufi ba, gobe mu fara kwaɓi."

Nan hikayar ta tsaya. Allah ya tsare mu da gobarar duniya da ta lahira.