Manomin da Ya Ƙi Sungumin Araha

A wani ƙauye da ke gindin tsauni akwai wani manomi mai gona a kan jigawa, yana zaune da matarsa Keziya. Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa da kowa, ba ya fashin sujada, sai dai Allah ya yi shi da dogon tunani. In ya zauna a inuwar ƙiryar da ke tsakiyar gonarsa, gangar jikinsa ce kawai a wurin, shi kansa ya riga ya yi nisa.

Abin da ya tafi da hankalinsa kuwa wani injin shuka ne da ya taɓa gani a birni. A bayan gilashin wani babban kanti aka ajiye shi, kore shar, da jar ƙafa guda ɗaya, da ɗan akwati a bisa inda ake zuba iri. Mai gadin kantin ya ce masa tura shi kawai ake yi, shi zai sara, ya jefa iri, ya binne. Tun daga ranar nan mutumin bai sake zama shi kaɗai ba, ko ina ya je da injin yake tafe a zuciyarsa.

Yakan jingina da ƙirya ya lumshe ido, sai ya ga kansa sanye da farar riga yana tafe a hankali bayan injin. Ƙasa tana buɗewa a gabansa tana rufewa a bayansa, babu zufa, babu ciwon baya. Kafin ya kai ƙarshen gona gero ya tsiro, kafin ya juyo ya kai masa kafaɗa, iska tana bi ta cikinsa da wata ƙara mai sanyi. Mutanen gari sun jeru a bakin hanya suna kallo, shi kuwa yana ɗaga musu hannu. Haka zai yi ta noma a zaune har inuwa ta gushe, rana ta dake shi a ƙafa, sa'an nan ya tuna da gida.

To, a ƙarshen shukar bara sunguminsa ya karye, ruwan ƙarfen ya tsage biyu. Maƙerin ƙauyen kuma tsufa ya sa ya ajiye guduma. Rani ya wuce, bazara ta shigo, mutumin bai sayi wani ba.

Wata safiya Keziya ta ce, “Maigida, shamuwa fa ta iso, na gan ta a kan kukar bayan gari. Da me za mu yi shuka bana?”

Ya ce, “Ina sane, Keziya.”

Ta ce, “Akwai mai shagon rangwamen nan a ƙarshen kasuwa, kusa da masu tukwane. Matar maƙwabcinmu Gayus ta sayi lauje a wurinsa, shekara ta zagayo ko dakushewa bai yi ba. Ka leƙa mana, don Allah.”

Ranar kasuwa ya leƙa. Mai shagon yakan je manyan kantunan birni ne ya kwaso kayan da suka yi kwantai, waɗanda fentinsu ya goge ko kwalinsu ya yage, ya zo ya sayar da araha. Ga guduma, ga zarto, ga magirbi, ga sungumai rataye a jikin ƙusa. Mutumin ya sauko da ɗaya. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, ƙotar ma ba a goge ta ba. Ya ƙyasta ruwan da farce ya kai kunne, yadda manoma suke gwada ƙarfe, sai ya ji ƙara siririya, doguwa, mai daɗewa kafin ta mutu. Ya dafa shi a ƙasa, ƙotar ta zo daidai tsayinsa kamar an auna.

Mai shagon ya ce, “Baba, ka ji da kunnenka. Ba komai na shagon nan zan ce ka saya ba, fitilun can ni kaina ban yarda da su ba. Amma wannan, ɗauki ka tafi. Fenti ne kawai ba shi da shi.”

Mutumin ya san gaskiya aka faɗa masa, kuma kuɗin bai fi ƙarfinsa ba. Amma ɗan abin da ke aljihunsa ya riga ya yi wa injin alkawarinsa. Ya dubi baƙin ƙarfen nan, ya tuna da koren nan na bayan gilashi, sai ya ji kamar in ya saya ya ci amanar wani. Ya mayar da sungumin jikin ƙusa ya ce, “Bari dai tukuna.”

A hanyar komawa gizagizai sun taru a gabas, farare, wani bisa wani. Ya yi ta kallonsu yana murmushi, don a idonsa sun yi kama da dammunan geron da injin zai kawo masa. Bai ga hadari a cikinsu ba.

Washegari da la'asar ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake kira ruwan shuka. Ƙanshin ƙasa ya cika gari. Da gari ya waye kowa ya fita, maigida a gaba yana sara, iyali a baya suna jefa iri suna binnewa da ƙafa. A ƙauyen nan ana aron gishiri, ana aron jaki, har rigar biki ana aro, amma ranar ruwan shuka ba a aron sungumi, gama jigawa ba ta riƙe danshi. Mutumin ya san haka sarai, duk da haka ya bi gonaki yana tambaya.

Maƙwabcinsa Gayus ko tsayawa bai yi ba, yana sara yana magana. Ya ce, “Ɗan'uwa, yau ko wanda muka fito ciki ɗaya ne ya zo, sai dai ya yi haƙuri. Bari mu gama in aiko maka.”

Ranar ta ƙare a yawon aro. Kashegari ya kama hanyar kasuwa da sassarfa, shi da bai saba sauri ba. Ya tarar da ƙusar nan babu komai a jikinta.

Mai shagon ya ce, “Ayya, Baba. Tun da hadari ya haɗu aka kwashe su. Naka ma na ɓoye shi har yamma, na ce ko za ka dawo.”

Da ya koma gona ya sami Keziya a kusurwar gabas, a sunkuye da 'yar fartanyarta, ita ke sara, ita ke jefawa, ita ke binnewa. Ta ɗago ta dubi hannunsa.

Ta ce, “Ka samo?”

Ya ce, “Ban samo ba.”

Sai ta miƙa masa ƙwaryar iri. Amma saman ƙasa ya riga ya yi fari. Ya tura yatsa ciki, ya ji ta bushe.

Ruwa na biyu ya yi jinkiri ƙwarai. Sa'ad da ya zo mutumin ya yi shuka da sungumin Gayus, a lokacin geron mutane ya kai gwiwa. Nasa ma ya tsiro, ya yi kore gwanin sha'awa, har ya fara sa rai. Yana fara fitar da kai ruwa ya ɗauke. Da kaka ta yi ya karyo zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura. Babu abin da ya rage a hannunsa.

Kusurwar da Keziya ta shuka ce kaɗai ta ba su 'yan dammuna, waɗanda ba su kai su ko ƙarshen sanyi ba. Wata safiya yana zaune a ƙofar gida sai ga ta ta fito da taɓarya a kafaɗa, za ta je sussuka a gidajen mutane don a auno mata abin tuwo, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya auro ta. Ta rusuna ta ce, “Maigida, sai na dawo.” Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sa'an nan ya rufe fuska da hannu biyu ya yi kuka.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Gonar ita ce kwanakin da Ubangiji ya ba kowannenmu, ruwan shuka kuwa lokacin da yakan buɗe mana ne mu yi alheri, ba ya kuma daɗewa a buɗe. Injin nan shi ne babban aikin da muke cewa za mu yi wa Allah wata rana, in mun yi arziki, in mun sami sukuni, in yara sun girma. Sungumin araha shi ne ɗan abin da ke gabanmu yau, wanda ba shi da kyan gani, ba kuma wanda zai yaba mana a kansa.

Ku lura, mutumin nan bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, sha'awar injin ma ba zunubi ba ce. Bai kuma yi rashin sani ba, da kunnensa ya ji ƙarfen yana da kyau. Raini ne kawai, ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ba shi kaɗai ya sha wahalar ba, wadda ta ba shi shawarar kirki ita ta ɗauki taɓarya.

Na san a cikinmu akwai mai cewa in Allah ya buɗa masa zai gina wa marayu gida, alhali gwauruwar da ke bayan katangarsa ba ta ga ƙafarsa ba tun rasuwar mijinta. Wani kuma jira yake sai ya iya doguwar addu'a irin ta dattawan ikilisiya, saboda haka ko gajeriyar ba ya yi da iyalinsa. Akwai ma wanda yake ta shirya kalmomin da zai nemi gafarar ɗan'uwansa da su, ɗan'uwan kuwa kullum ƙara tsufa yake. “Ka yi haƙuri” ba ta da tsada, amma tana aiki, in an faɗe ta mai ji yana da rai.

Saboda haka wanda ya san akwai ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa, kada ya bari sai Lahadi mai zuwa. In an tashi daga nan ya bi ta can, tun kafin ya isa gida ya ci abinci.