Amanar Jemage a Sheƙar Tsattsewa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, haka za ku ce.

A kogon wata tsohuwar kuka, Tsattsewa da Jemage suna maƙwabtaka. Duk su biyun baƙaƙe ne masu fiffike, in sun gilma da gudu ba ka ce ga wannan ga waccan ba. Har "Yaya" Tsattsewa take ce wa Jemage.

Da yunwa ta matsa, Jemage ta shirya ƙetare gulbi neman ɓaure. Sai ta kawo jaririnta ta ce ga amana, tunda duk dangi ɗaya ne, abin da ya raini ɗan tsuntsu zai raini nata. Tsattsewa ta karɓa hannu bibbiyu, ta sa shi a sheƙarta kusa da ƙwayayenta. Jemage na tafiya, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ba halin dawowa.

Sai jariri ya fara kuka. Tsattsewa ta kamo ƙwaron shinge ta sa masa a baki, ya tofar. Ta kawo tsutsa, ya kau da kai. Ta ɗura masa gara, ya amayar. Cikinsa ya lafe, kukan ma ya daina fita. Hankalinta ya tashi, ga amana tana mutuwa a hannunta.

Ta je wa Kurciya, ta ce mata ta jiƙa gero. Ta jiƙa, bai ci ba. Ta je wa Hankaka, wanda bai taɓa cewa bai sani ba, ya ce sanyi ne, ta kwanta a kansa. Ta kwanta, sai ta ji yana laluben ƙirjinta da baki. Baiwar Allah ba ta gane ba.

To, a gindin kukar akwai Ɓera mai jego, ɓarauniyar ƙwai ta gasken gaske. Ta aiko cewa ta san irin wannan kukan, a nuna mata hanya ta hau ta duba. Tsattsewa ta dubi ƙwayayenta, ta dubi jaririn da numfashinsa ke sama-sama. Sai ta nuna wa Ɓera hanyar sheƙa.

Ɓera ta hau, ta ware fiffiken jaririn ta ce, "Duba nan. Fata ce a kan yatsu, babu gashin tsuntsu ko ɗaya. Ga kunne, ga haƙori. Ke kin taɓa ganin ɗan tsako da cibiya? Nono yake nema."

Sai ta kwanta ta ba shi, ya kama ya yi ta zuƙa. Kullum Ɓera sai ta hau, kullum Tsattsewa na kwance kan ƙwayayenta, ko kiwo ba ta fita. Ran da yunwa ta fi ƙarfinta ta fita, ta dawo ta tarar da ɓawon ƙwai kawai.

Da ruwa ya ɗauke, Jemage ta dawo ta sami ɗanta ɓul-ɓul. Ta yi ta godiya, sannan ta tambaya ko ta ƙyanƙyashe ƙwayayenta.

Tsattsewa ta sunkuyar da kai ta ce, "Sun tafi ladan nono, Yaya."

Kun ji dai, kama da wane ba ta wane. Kafin ka karɓi amana don an ce kun yi kama, ɗaga fiffike ka duba.

Ƙurunƙus, kan ɓerar da ta sha ƙwai.