Watan da Nu'uman Ya Tsallake

A Karewa ta Jimeta akwai wani mai haɗa manhajar kwamfuta, sunansa Nu'uman. Gwani ne, ba musu, sai dai in ya gama aiki ba ya waiwayarsa, kuma wanda ya ce masa ya sake dubawa ya taɓo masa rai.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola, wani ƙaramin asibiti a Damilu ya ba shi aikin manhajar da za ta riƙa tura wa masu ciki saƙon ranar awo. Yaren kwamfutar da ya yi aikin da shi daga sifili yake ƙidayar watanni: Janairu sifili, Fabrairu ɗaya. Nu'uman ya san haka sarai, amma garin sauri bai rage ɗaya ba. Duk ranar da aka shigar ta Maris, sai saƙo ya ce Afrilu.

Munirat, nas ɗin asibitin, da ke kiransa Hamma, wato yaya da Fillanci, shi kuma yana ce mata Adda, wato 'yar uwa babba, ta ce, "Hamma, mu gwada da wayata tukuna mana."

Ya yi dariya. "Adda, ni fa na rubuta. A tura kawai."

Sati biyu da haka ta kira shi. "Tun makon jiya masu hawan jini ba su zuwa awo. Benci wayam!"

Ya buɗe kwamfuta, ya ga ɓarnarsa. Suka bi matan da waya ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ɗauka, ban da Keturah, 'yar gudun hijira daga Michika mai cikin wata takwas. Wayarta a kashe.

Nu'uman ya tari keke napep, yana tafe yana addu'a, har kangon da take fake da iyalinta. Ya tarar da ita kwance a tabarma, cikin babu. Shekaranjiya jijjiga ta kama ta. An ceto ranta, ɗan bai zo da rai ba.

Ta miƙo masa wayar da ba caji. "Kaina ya yi ta ciwo, oga. Amma saƙo ya ce sai Afrilu. Na ce kwamfuta ba ya kuskure."

Nu'uman ya durƙusa. Kuskuren layi ɗaya ne a manhajar, kuma a minti ɗaya ya gyara shi.

Darasi: komai ƙwarewarka, ka gwada aikinka kafin ka sake shi, kuma ka saurari mai cewa a duba. Ranar da ka rubuta a kwamfuta, akwai wanda ya dogara da ita da ransa.